Ɗalibi Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kare binciken digirina na biyu a Dutsin-Ma ba. Ma'auni biyu na jarrabawa na kwatanta. Na farko yana dunƙule komai ya ba yaro maki guda, shi ke nan. Na biyu kuwa rabawa yake: ga ƙarfinsa a lissafi, ga ƙarfinsa wajen karanta tambaya ya gane. Na biyun nake so, kuma in Farfesa mai duba aikina bai gamsu ba, sai na maimaita shekara.

A wata sakandare ta Kurfi na yi gwajin. Lambobi kawai na shigar a kwamfuta, sunaye suna bayan takardu. Ranar kare binciken, har shugabar makarantar, Hajiya, na gayyato (don a sami mai ba da labarin bajintata a gari).

Na gyara hula na ce, "Ku dubi mai lamba arba'in da ɗaya. Ma'aunin farko ya ce matsakaici ne. Na biyu ya tona masa asiri: gwani ne a lissafi, amma ba ya karanta tambaya. An ce dammunan gero nawa suka rage a rumbu, shi ya kawo waɗanda aka fitar." Aka yi dariya, na ji daɗi, na ƙara gishiri: "Irin wannan yaro gaggawa ke damunsa, da ɗan girman kai."

Hajiya ta ɗaga hannu. "Malam, ai yara arba'in cif na ba ka. Wane ne wannan, mu taimaka mashi?"

Na zaro takardar na juya bayanta. Sunana ne, da rubutuna. Ashe wadda na amsa ce don in auna lokacin jarrabawar, ta shige cikin tarin. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage.

Farfesa ya karɓa, ya karanta sunan da ƙarfi, ya cire tabarau. "Shekara biyu ina faɗa maka haka ba ka ji. Tunda ma'aunin ya gano ka, yana aiki. Cire kanka ka sake lissafin."

Na ci, alhamdulillahi. Har yau in muka haɗu, Hajiya sai ta ce, "Malam, ya ɗalibin namu?" In ce yana samun sauƙi. Yanzu kafin in yi wa ɗan wani ba'a, sai na juya takarda na ga ko ɗan babana ne.