Fukafukin Jirgin Surukina

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Shirwa, maƙeran ƙananan jiragen yaƙi na ƙarfe, Allah shi ja zamaninka.

Bayan gaisuwa da fatan maƙera suna lafiya, ni ne Attahiru, manomin albasa a Dandin Mahe. Surukina Malam Khalid, mijin 'yata Nafisa, malamin makaranta ne a Bodinga, yana tara jiragenku yadda wasu ke kiwon tantabara. Da aka tura shi kwas Zariya, sai ya kawo mini ajiyar wanda ya fi so: shuɗi, bai wuce tafin hannu ba, irin wanda aka ce yana tashi daga kan jirgin ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu. Ga kokena.

Na ɗaya. Na buɗe kwalin don in ga ko gara ta shiga, sai na tarar da fukafukan a lanƙwashe, suna kallon sama. Na ɗauka a gidana suka karye. Sai da aikin gama ya gama Nafisa ta faɗa mini ta waya cewa haka ake naɗe su don a sami wuri a jirgin ruwa. Ranka shi daɗe, me ya hana ku rubuta hakan da Hausa? Mu nan ko kwalekwale sai mun je gulbi muke gani.

Na biyu. Fentin ya koɗe, gefen hanci duk baƙin hayaƙi. Ashe da gangan kuka tsufar da shi. A wace kasuwa ake sayar da sabo da kamannin gwanjo? Na shafa masa koren fentin da ya rage daga ƙofar zaurena, kuma a ganina ya fi kyau.

Na uku, wanda ya fi ciwo. Na kai shi wurin Mijinyawa mai walda, mutumin da bai taɓa ba garma kunya ba, don ya miƙar da fukafukan. Wuta na taɓa na dama ya narke kamar man shanu. Jirgin da aka ce ya sha wutar igwa a tsakiyar teku, shi ne ya kasa jure wutar Mijinyawa?

Ranar Asabar Khalid zai dawo. Ba fushinsa nake tsoro ba. Zai tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya ce ba komai, Baba. Ba zai sake ta da maganar ba, ba kuma zai sake ba ni ajiya ba. Wannan ne ya hana ni cin tuwo.

Don Allah ku aiko mini da wani shuɗin kafin Asabar, da duk lanƙwasarsa da dattinsa. In kuwa sun ƙare, kamar yadda Nafisa ta ce, to ku turo mutum ɗaya daga cikinku ya zo ya yi mini faɗa, domin surukina ba zai yi ba.

Naka mai biyayya, hula a hannu,
Attahiru Mai Albasa,
Dandin Mahe, Shagari.