Gaisuwar Ummi a Kirikasamma

Ba zan taɓa mantawa da sunan da muka je Kirikasamma ba, gidan Inna, uwar mijina.

'Yata Ummi (sunan Inna aka sa mata) shekararta shida, amma jikinta ba ya saurin bin abin da kanta ya sani. A ce ta ɗaga wa baƙo hannu, sai ta tsaya tana kallon hannun kamar aro aka ba ta. Durƙusawa kuwa, ba ta san wace ƙafa za ta fara ba. Ni tsorona ɗaya: ta gaida manya a tsaye ƙiƙam, dangin ubanta su ce ban ba ta tarbiyya ba.

Wata ma'aikaciya a asibiti a nan Haɗejiya ta ce in daina cewa "gaishe su" kawai, in rarraba mata abin guntu-guntu, ina faɗa muna yi tare. To, kullum muna tsakar gida: "Cire takalmi. Riƙe zane. Gwiwa ɗaya. Ɗayar. Ina wuni." (Turmi ne Innarmu. Ya sha gaisuwa, bai taɓa amsawa ba.)

Ranar sunan ta zo. Muka shiga ɗakin Inna, mata cike, ga sabuwar tabarma, ga kwanonin miyar kifi. Idona na kan ƙafar Ummi, bakina na motsi. Ta cire takalmi. Ta riƙe zane. Ta ɗan yi tangaɗi, sannan ta kai gwiwa ƙasa a hankali.

"Ina wuni, Kaka."

Daɗi ya kwashe ni, na zube kusa da ita ina jero gaisuwa. Sai Ummi ta dube ni, da irin muryata ta tsakar gida ta ce, "Umma, tashi. Cire takalmi tukuna."

Na duba. Ga takalmina a ƙafata, da lakar hanya, har tsakiyar tabarmar Inna. Ɗaki ya ɗauki dariya.

Inna ta ce, "Takwara, a yafe mata mana."

"A'a. Daga farko."

Haka na fita, na cire, na dawo, tana ba ni umarni: "Riƙe zane. Gwiwa ɗaya." Inna na share hawayen dariya ta ce, "Wannan dai an koya mata. Saura uwar."

Maganar da na yi ta fatan ji ke nan, sai dai ban zaci da wutsiya za ta zo ba. Yanzu in ina koya wa Ummi abu, nakan fara duba ƙafata.