Kalmar Sirrin da Na Faɗa Daga Kan Tsani

Ko tsufa ya kwashe min komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je Fassi gyaran intanet ba. (Na ce gyara ne don in mutunta kaina. Neman suna na je yi.)

Lokacin ina koyar da kwamfuta a wata makarantar sakandare a Rano, ina kuma neman auren Habiba, 'yar Alhaji Garba, tsohon hedimasta kuma sakataren ƙungiyar manoman Fassi. Sau biyu magabatana suna zuwa, sau biyu Alhaji yana cewa, "A dakata tukuna." Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Haushi kam na ji shi, har abinci ya daina min daɗi.

Ran wata Laraba Habiba ta kira ni. Ta ce babanta zai tura sunayen manoma don rabon taki, ƙarfe huɗu za a rufe, kuma kwamfutar da aka ba shi don aikin ba ta da intanet. Na ce mata ai aikin minti biyar ne. Na zura babbar riga (wa ke gyaran kwamfuta da babbar riga? Ni ne), na ɗauki kwamfutata da modem, ɗan abin kamo intanet, na hau babur.

Na tarar da Alhaji da dattawa biyar a zaure. Na durƙusa na gaishe su, aka miƙo min kwamfutar. Ina buɗewa na gane akwai matsala. Tsarin da ke cikinta ba irin na tawa ba ne, ban taɓa ganinsa ba sai a littafi. Ko wurin rufe shafi na ɗan jima ina nema. Amma na gyaɗa kai na ce, "Oho, wannan ce." Na soka modem, ta yi kamar ba ta san an yi ba. Sunayen kuma a cikin manhajar da ke kanta suke, ba a iya kwashe su zuwa tawa. Dabara ɗaya ta rage: tawa ta kamo intanet, ta watsa wa ta Alhaji ba tare da waya ba.

To a Fassi, sabis ba ya shiga zauren Alhaji. Na zaga ƙofar gida, na zaga gindin darbejiya, babu. Sai a saman katanga ya kama, shi ma bayan kwatan awa ana jira. Haka na tsaya a kan tsani, babbar riga na kaɗawa, hannu biyu na ɗaga kwamfuta sama. Alhaji ya fito da tabarma ya zauna a ƙasana, ya ɗora tasa a cinya, dattawa suka kewaye shi. Saura minti goma sha biyu ƙarfe huɗu.

"Ga abu ya fito," in ji Alhaji. "Wai tana neman kalmar sirri."

Innalillahi. Sai lokacin na tuna. Kalmar nan na sa wa intanet ɗin kwamfutata ita ne ranar da magabatana suka dawo karo na biyu, cikin fushi, ni kaɗai a ɗaki. Tun daga ranar babu wanda ya taɓa tambayata ita.

Na ce, "Baba, ko in sauko in rubuta?"

"In ka sauko sabis zai tafi. Faɗo kawai."

Na dubi dattawan nan ko akwai mai karɓata a kan tsani. Ƙaraminsu ya haura sittin. Manoma kuwa ga damina ta kama, taki suke jira.

Na ce, "A rubuta 'sai'."

"Ɗaga murya, kunnena ba kamar da ba."

"Sai!"

Alhaji da yatsa ɗaya yake rubutu, kuma kowace kalma sai ya maimaita ta da ƙarfi, irin na tsofaffin malamai. "Sai. Na gaba?"

"Na auri."

"Na auri."

"Habiba."

Wani dattijo mai suna Malam Idi ya ɗago kai. "Wace Habibar?"

"Rubutu muke yi, Malam Idi," in ji Alhaji, ko ɗago ido bai yi ba. "Habiba. Shi ke nan?"

"Da saura, Baba."

"Bismillah."

"Ko Alhaji."

"Ko Alhaji."

Wallahi na yi tunanin in faɗo daga tsanin nan, ko karaya ta cece ni. Na rufe ido na ce, "Ya ƙi."

"Ya ƙi," in ji Alhaji. Ya danna. Malam Idi ya yi wani tari, wanda na tabbata ba tari ba ne. Can Alhaji ya gyara tabarau ya ce, "Ta ce ba daidai ba ne. Maimaita daga farko." (Har yau ina zargin da gangan ya yi kuskuren nan.)

Na maimaita. Wannan karon har masu wucewa sun tsaya.

Saura minti biyu sunayen suka tafi. Na sauko, na durƙusa, na kasa ɗaga kai.

Alhaji ya rufe kwamfuta a hankali ya ce, "Allah ya yi maka albarka, taki ya samu. Ɗaya maganar kuwa, ni ban ƙi ba. Jibi na yi niyyar aika wa iyayenka su zo a sa rana. Amma tunda ka ce ko na ƙi sai ka aura, to na ƙi na wata uku. Ina so in ga yadda za ka yi."

Babu yadda na yi. Na koma Rano na zauna na jira wata ukun nan cur, Habiba ma sai da ta yi sati biyu ba ta ɗaga wayata.

Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya sa kalmar sirri, ya fara gwada faɗarta da ƙarfi a gaban surukinsa. In bakinsa ya iya, to ya sa.