Kurar da Ta Cinye Tumakin Tasalla

Wani mutum ne a garinmu, Shekarau, wanda cika baki ya zame masa sana'a. In ka ce ka ga giwa, zai ce shi ya yaye ta. In kuwa aka yabi wani a gabansa, ran nan da zazzaɓi zai kwana.

Da yayansa zai rasu, sai ya damƙa masa amanar 'yarsa Tasalla: tumaki shida da naira dubu ɗari biyu, a riƙe mata har ta mallaki hankalin kanta. Shekarau ya daki ƙirji, tim. "Yaya, ko gashinsu ɗaya ba zai faɗi ƙasa ba."

To, gashi dai bai faɗi ba, wuƙa ce ta hau. Duk Babbar Sallah sai ya kayar da guda, unguwa ta ɗauki ƙamshin suya, shi kuma yana ta baza babbar riga. 'Ya'yan da suka haifa kuwa, kasuwa ce ta san inda suka kwana. Fatun kawai yake adanawa, don a al'adarmu in dabbar amana ta mutu, fatarta ake nuna wa mai ita.

Ana nan, Tasalla ta sami gurbi a makarantar ungozoma, ana neman kuɗin rajista kafin ƙarshen wata. Ta zo ta durƙusa. "Baffa, a ba ni abin da Baba ya bari, a kuma faɗa mini abin da aka kashe."

Ya ce gobe. Goben ta haifi jibi, jibi ta yi jikoki. Da ta ga rajista za ta wuce ta, sai ta kai ƙara wurin Mai Unguwa.

Shekarau ya iso da ƙunshin fatu, ya zube su, jibgi guda. Ya fara lissafi da yatsu: dusa, harawa, kanwa, allurar dabbobi, har kuɗin suka ƙare ƙaf.

"Tumakin fa?" in ji Mai Unguwa.

"Kura, ranka ya daɗe. Duk shekara sai ta ɗauki guda. Ta cinye nama da ƙashi, fata kawai take bar mini. Na yi kuka har na gode Allah." Ya matse ido, hawaye suka ce ba da su ba.

Tasalla ta sunkuyar da kai, zuciyarta ta karaya. Shekarau kuwa har ya fara laluben takalmansa.

Sai tsoho Sarkin Fawa, da ke zaune a gefe yana taunar goro, ya jawo fata ɗaya. Ya ɗaga ta ga rana, ya shafa, ya jinjina kai.

"Kai, dubi aiki. Ba huda, ba tsoka ko ƙwaya a jiki. A garin nan kaf, mutum ɗaya ne mai hannun nan: Barmo mahauci."

Shekarau ya saki takalman. Gumi ya tsattsafo masa.

"Barmo ne," tsohon ya ƙara, yana duba ta biyu. "Wa ya isa in ba shi ba?"

Shekarau ya haɗiye yawu, muƙut. Ya ciji leɓe. Abin ya ƙi haɗiyuwa.

"Wane Barmo! Barmon da ke huda fata kamar rariya? Ni na feɗe su da hannuna, duka shidan, ko mai riƙe mini ƙafa ban nema ba!"

Shekarau ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya dafe shi, amma magana zarar bunu ce.

Mai Unguwa ya yi gyaran murya, ya ce a sayar da shanun huɗar Shekarau a biya yarinya kafin Juma'a. Sannan ya dubi Tasalla.

"'Yata, akwai sauran magana?"

"Babu, ranka ya daɗe," in ji ta. "Ni dai yau na fara ganin kura da hula."