Kogon Barmo Ya Yi Daraja

A wani daji da ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu a cikinsa nake kwana, an yi zamanin da kogon bishiya ya zama abin nema ruwa a jallo. Gobara ta cinye tsofaffin itatuwan gabas, masu gawayi suka ƙarasa na yamma, ƙwai kuwa bai fasa ƙyanƙyashewa ba. Da can maƙwaƙwafai ke sassaƙa mana koguna, tun da sassafe kana jin saransu. Sai wani cikinsu mai suna Cindo ya lura cewa mai sassaƙa kogo sau ɗaya ake biyansa, mai dillancinsa kuwa duk sauyin hannu yana da la'ada. Kafin shekara ta zagayo, kaf maƙwaƙwafan dajin sun ajiye sassaƙa sun zama dillalai. Mu kuwa sauran tsuntsaye, Allah ya hore mana bakuna manya da ƙanana, amma ba mai iya huda itace. Surutu dai, a nan ba a barinmu a baya.

A cikinmu akwai wani cilakowa, Malam Barmo, da matarsa Tabawa. Suna da ɗan kogo a jikin wata ɗorawa, gadon mahaifinsa. Ba shi da faɗi, amma ba ya yoyo. Ga wanda bai san al'adar cilakowa ba: idan mace za ta yi ƙwai, sai ta shige kogo ta liƙe ƙofar da laka, ta bar 'yar tsaga daidai bakin mijinta. A ciki take zubar da gashin fiffikenta, ba ta iya tashi sai 'ya'ya sun yi ƙwari, mijin ne ke miƙa mata abinci ta tsagar. Saboda haka cilakowar da ba ta da kogo a farkon damina, ba ta da 'ya'ya a wannan shekarar.

Muna da Majalisar Masu Koguna, mai zama da hantsi a gindin tsamiya. Mujiya ke shugabanta, kuma da yake da rana barci take yi, ana yaba mata ƙwarai da cewa ba ta katse mai magana. Wata rana tsuntsayen da ke kwana a reshe suka kawo koke, suna roƙon a ba da izini a sassaƙa sababbin koguna a jikin babban rimin bakin kogi. Barmo ya miƙe, ya gyara murya.

"Ranki ya daɗe, 'yan majalisa, ni ba maƙiyin talaka ba ne, kowa shaida ne. Amma rimin nan tun kakanninmu yake tsaye ba huda ko ɗaya. Yau in muka huda shi, gobe wa ya san irin tsuntsayen da za su cika mana unguwa? Ga hayaniya, ga kashi a kan ganye. Kuma a duba mana, wanda ya riƙe kogonsa da gumin ubansa, shi ke nan sai darajarsa ta zube don wasu sun ƙi haƙuri? Kwana a reshe ai ba cuta ba ce, iska ma ta fi kaɗawa a can. A bar kaza cikin gashinta."

Muka tafa masa da fiffike har Mujiya ta farka ta ce an yi watsi da koken. Ni ma na tafa, kada ku ɗauka waliyyi ke ba ku labari.

Ba a daɗe ba Cindo dillali ya sauka a reshen ɗorawa, ya yi sallama, ya ƙwanƙwasa bangon kogon yana kaɗa kai kamar mai jin tausayi.

"Malam Barmo, kana zaune a kan dukiya kana cin gara. Ka san Jatau damo, mai sayen koguna? Ya taya wannan ɗan akurkin naka ƙwarya goma ta busasshiyar fara. Ka karɓa, ka nemi wanda ya fi shi, ka ajiye canji. Ba sai ka tashi yau ba, sai ranar da ruwan farko ya sauka."

Jatau kuwa ba ya kwana a ko ɗaya daga cikin kogunan da yake saye. Rufe su yake ya koma kan dutse yana shan hantsi, yana jiran su ƙara tsada. Ba banza ake masa kirari da sarkin haƙuri ba.

Tabawa ta leƙo daga ciki ta ce, "Malam, ka ce masa albarka. Ni fa jikina ya fara nauyi, kuma ka ga gabas ta soma haɗa hadari. In sayarwar dole ce, ka fara samo inda za mu koma. Ba a fafe gora ranar tafiya."

"Ke dai ba ki san kasuwa ba," in ji Barmo. "Mai fara a hannu shi ke zaɓen gida. Cindo, na sallama."

Aka auna fara, Cindo ya ɗebi la'adarsa, Barmo ya yini yana zagaya daji yana gaisawa da waɗanda bai saba gaisarwa ba, don dai a tambaye shi labarin cinikin.

Washegari aka shiga neman gida. A dajinmu kafin dillali ya nuna maka kogo sai ka ba shi kuɗin gani, ko ka saya ko ka fasa. Na farko da Cindo ya kai shi, faɗi kam ga shi nan, sai dai ƙudan zuma sun riga shi tarewa. Cindo ya ce, "Maƙwabta ne masu sana'a, ba ruwansu da kowa." Barmo ya fito da kumburarren ido. Na biyu suna kan hanya aka saye shi. Na uku aka kai shi wani fili aka nuna masa ɗan tsiron kuka da bai kai tsayin kaza ba, aka ce nan gaba za a yi kogo a jikinsa mai kallon kogi, har wasu sun biya na reshen sama.

"Haba Cindo! Wannan ai cinikin biri a sama ne. Ina koguna irin nawa, na ƙwarya goma?"

"Ayya, Malam, an wuce wurin. Kai ne fa ka tada kasuwar. Kowa ya ji abin da aka ba ka a ɗan akurkinka, yanzu mai ramin ɓera ma ashirin yake cewa."

Nan ido ya raina fata. Hadari na ta haɗuwa yana watsewa, farar na raguwa da kuɗin gani, Tabawa kuwa ta daina yi masa maganar, ta koma ɗebo laka daga bakin kogi tana tarawa a bakin ƙofa. Wannan shirun ya fi faɗa ci masa rai.

Da abin ya ishe shi sai ya garzaya majalisa, ya tarar masu kwana a reshe sun sake kawo kokensu. Ya ɗaga fiffike zai yi magana, Aku magatakarda ya tare shi.

"Malam Barmo, a matsayin wa? Nan Majalisar Masu Koguna ce. Kai kuwa mun ji ka sayar."

"To ku saurare ni a matsayin mai koke! Jama'a, ku ji tsoron Allah, a huda rimin nan. Matata na dab da ƙwai, ba mu da inda za mu sa kai. Itace ne fa kawai, bai fi 'ya'yanmu ba."

Aku, wanda aikinsa haddace duk abin da aka faɗa a zaure, ya karkata kai ya ce da muryar Barmo sak, "Kwana a reshe ai ba cuta ba ce, iska ma ta fi kaɗawa a can." Kunya ta kama mu, wallahi, amma ba ta kai ta sa mu sake ra'ayi ba. Mujiya ta farka ta ce an yi watsi da koken.

Yana hanyar komawa ruwan farko ya tsuge. Ya isa ɗorawa a jiƙe sharkaf, ya tarar ƙofar kogo a liƙe da ɗanyar laka, idon Tabawa na ƙyalli ta tsaga.

"Tabawa! Me kika yi haka? Gidan nan fa daga yau ba namu ba ne!"

"Ƙwai bai san ciniki ba, Malam. Na riƙe har na gaji. Huɗu ne, ga su a ƙarƙashina, gashina kuma ya fara zuba. Sai ka je ka tambayi dillalinka ko har da mu a cikin ƙwarya goman."

Ba su rufe baki ba sai ga Jatau yana hawowa a hankali, yana zaro harshe yana mayarwa. Kowa a dajin ya san abin da damo ya fi so ya karya kumallo da shi. Barmo ya yi wuf ya tare ƙofa.

"Alfarma, Maigida Jatau. Ka san al'ada, ba a fasa lakar mai jego."

"Subhanallahi, ni in fasa?" in ji Jatau. "Ni mai girmama al'ada ne. Kwanciya kawai zan yi a ƙofar gidana in sha iska, ba na gaggawa. Damina ce dai, laka kuwa laka ce."

Ya miƙe a kan reshe ya ɗora haɓa daidai tsagar. Ruwa na dukan lakar, tana zuba kaɗan-kaɗan. Barmo bai taɓa jin tsoro irin na wannan rana ba. Ya tashi fir cikin ruwan, ya sami Cindo a fake, ya faɗi gabansa yana haki.

Cindo ya saurara, ya yi ɗan tunani, sai fuskarsa ta washe. "Kai, Malam, kana da sa'a! Yanzun nan wani kogo ya shigo kasuwa, kamar don kai aka yi shi. A jikin ɗorawa yake, ba ya yoyo, an ma riga an yi masa yaɓe. Mai shi ba ya son rabuwa da shi, amma zan lallashe shi. Ashirin ne. Ka ba da abin da ya rage a hannunka, sauran kuwa duk fara biyu da ka kamo a daminar nan, ɗaya tasa. Ban da la'ada. Kuɗin gani dai na yafe maka, tunda ka san wurin."

"Na saya," in ji Barmo. Ko tayi bai yi ba.

Jatau ya sauka a hankali yadda ya hau, yana sa wa cinikin albarka. Haka Barmo ya yi daminar nan, fara ɗaya ta tsaga, ɗaya kan dutsen damo, har ƙashin ƙirjinsa ya fito. Rabin abinci ba ya riƙe gida guda. Ranar da Tabawa ta fasa laka ta fito a rame, 'ya'ya biyu ne suka biyo ta. Barmo ya ƙirga su. Ya koma bayan ɗorawa ya yi kukansa shi kaɗai.

Da shekara ta zagayo, Barmo ya dawo majalisa a matsayin mai kogo, masu kwana a reshe kuma suka sake kawo kokensu a kan rimi. Muka zuba masa ido gaba ɗaya, don in wanda ya ɗanɗana ya ce a huda, ba mu da bakin musu. Ya miƙe, ya gyara murya.

"Ranki ya daɗe, ba wanda ya kai ni sanin zafin rashin gida. Amma jama'a, kogona yanzu na ƙwarya ashirin ne, da jinina na biya. In aka huda rimi ya koma na biyar, wa zai mayar mini? A ƙara haƙuri."

Kai, ranar mun tafa har da masu shewa! Ni da nawa kogon ke hannun Cindo tun makon jiya yana nema mini mai saye, na fi kowa ɗaga murya. Masu koke suka juya jiki a sanyaye, a ƙarshen layinsu akwai wasu samarin cilakowa biyu, ƙyanƙyasar bara, da suka daɗe suna waiwayensa. Da aka nuna masa su, Barmo ya ce daga nesa duk cilakowa kamarsu ɗaya.