Ni da Ƙwarin Dakta

Ba zan taɓa mantawa da daminar da soja suka miƙa wa farar hula mulki ba. Lokacin ina leburanci a wata kwaleji nan Katsina, aikin da yau akwai, gobe babu. Na ga yaƙi, na ga yunwa, amma ban taɓa zama a aji ba.

Wata rana wani malami da ake ce wa Dakta ya kira ni. Ya ce za a ɗauki ma'aikaci na dindindin a sashensu, in na yi masa wani aiki zai sa baki a ba ni. Sai ya nuna mini hoton wani ƙwaro.

"Mazari ne, ranka ya daɗe," na ce.

"A'a, Baba. Mazari na bakin ruwa ne. Dubi ƙahonnin wannan, dogaye masu kan kulki. Ga idanu irin na mujiya. A busasshen kara yake lafewa, ya ɗaga gindi, ka rantse tsinke ne. Su nake so ka kamo mini. Iri-iri ne. Kowanne ka riƙe inda ka kama shi."

Na ce to. (Ban gane komai ba.) A hanya na yi ta juya maganar. Babban mutum, mai mota, me zai yi da ƙwaro mai idon mujiya? Can sai ta faɗo mini. Ana ta rabon muƙamai, kowa na bin malamai da bokaye. Ashe Dakta kujerar kwamishina yake so!

Na shiga gonakin Batagarawa, ƙaya ta yage mini wando, na tara ƙwarin cikin gwangwani. Don in burge shi, na fige fukafukai da ƙahonni, na shanya, na daka a turmi da hannuna. Har tankaɗe na yi.

Na same shi a aji. Na yi masa alama mu keɓe, shi kuwa ya jawo ni gaban ɗalibai.

"Ga wanda ya kamo mana su. Yau za ku bambance kowane iri da ƙahonsa da fiffikensa. Fito da su, Baba."

Na miƙa masa ƙullin leda. Ya kwance. Ya daɗe yana kallo.

"Mi ye wannan?"

Na rage murya. "Su ne. Da nono ake sha ko da zuma, wannan sai malaminka. Allah ya ba ka kujerar."

Ɗalibai suka kife da dariya, wata har da faɗuwa daga benci. Dakta ya cire tabarau ya ce, "Baba, je ka gida."

Aikin dai wani aka ba. Tun ranar, ko ruwa aka aike ni, sai na ji na sha ne ko na alwala kafin in ɗaga ƙafa.