Gashin Bakin Tasi'u Amurka

Mudan, da kana raye, da jiya sai an kai ka gida a baro saboda dariya.

Ka san Tasi'u Amurka. Ko Zariya bai taɓa wucewa ba, amma in ya buɗe baki sai ka rantse a jirgin sama aka yanke masa cibi. To tun da aka fara raɗe-raɗin sabon fim ɗin jarumin nan mai tashi sama, ya hana kowa sakat a shagon askin Ɗan'asabe. Wai ya san labarin kaf, abokinsa Bature ne ke riƙe wa masu fim ɗin fitila.

"Matar jarumin mutuwa za ta yi," in ji shi, yana murza gashin bakin nan da ya fi so a duniya. "Sai ya daina tashi. Ya koma bakin tafki kiwon agwagi, kowacce ya sa mata sunan matar."

Ni kuwa na san agwagin nan. Ni na riƙe maka waya ranar da ka toshe hanci ka zuba Turancin ƙarya, ka tura masa da sabon layi, wai kai ne Baturen. Kuma kai ya kawo wa saƙon a ɓoye, ka fassara masa da agwagi!

Ɗan'asabe ya ce, "Kai Tasi, ji tsoron Allah. Agwagi?"

"In ƙarya nake, ga gashin bakina, ga injinka! Da muryarsa ya turo min."

"Kunna mu ji."

Aka haɗa wayar da sifika. Sai ga shi: shuwa-shuwa-shuwa, wel-wel-wel. Tasi'u na gyaɗa kai kamar ƙadangare. "Kun ji? Nan ne take mutuwa."

Ashe bai taɓa sauraron saƙon har ƙarshe ba, iyakarsa farko ya kashe. Jiya kuwa an ajiye awara da yaji, hannu biyu ya sa, babu hannun kashe waya. Saƙo ya yi ta tafiya.

Can sai Bature ya saki hanci.

"Tasi'u, ni ne Mudan. In ka kawo nan, ka gaida agwagi. Kwak! Kwak!"

Sannan dariyarka, mai shaƙewar nan a ƙarshe.

Awara ta tsaya a bakin Tasi'u. Ɗan'asabe ya ce a hankali, "Allah ya jiƙan Mudan." Muka ce amin. Sai wani daga baya ya yi, "Kwak!" Wayyo! Har da masu faɗowa daga benci.

"Ai... ai Baturen ne ya iya Hausa!" in ji Tasi'u.

"Zauna, ranka ya daɗe," in ji Ɗan'asabe, yana karkaɗe kujera.

Ziiii! Ɓarin dama ya tafi. Ɗif, aka ɗauke wuta.

Haka Tasi'u ya ratsa kasuwa da rabin gashin baki, 'yan acaɓa na bin sa da kwak-kwak.

Ni kuwa na bi shi lungu, na roƙe shi ya turo min saƙon. Tun da muka rufe ka ban san akwai sauran muryarka a duniya ba. Nakan wuce Turancin, in tsaya kan dariyar, in maimaita. Ko Innarmu ba ta sani ba. Ban gaya wa kowa ba tukuna.